Haƙurin Wa Ke Cikin Littafin Shaihu Umar?

Tun muna sakandare aka koya mana cewa jigon littafin Shaihu Umar shi ne haƙuri, kuma duk wanda ya rubuta haka a jarrabawa ya ci. Ni ma haka na rubuta, na ci. Amma da na sake karanta shi a hutun da ya wuce sai wata tambaya ta tsaya mini a rai, wadda nake so in ajiye gaban 'yan'uwa manazarta: shin haƙurin wane ne?

Kowa ya san Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin nan domin gasar ƙagaggun labarai ta 1933, wadda R. M. East ya shirya a Zariya, aka buga shi a 1934, zamani ɗaya da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da wannan ba.

Mu dubi tauraron. An haifi Umar a Kagara bayan rasuwar ubansa. Aka sace shi yana yaro, ya bi hannu-hannu har Kano, inda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi zuwa Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa, ya yi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. To, a duk wannan tafiya me Umar ya zaɓa da kansa? Ɗaukarsa ake yi ana saukewa kamar kayan fatake. Yaron da bai san abin da ya rasa ba, da wuya a ce ya yi haƙurin rashinsa. Sau ɗaya na ga ya motsa da nufin kansa, wato lokacin da mafarki ya tayar masa da begen uwarsa ya nemi komawa gida.

Yanzu a dubi uwar. Ita ta san abin da ta rasa. Ga mijinta Makau, wanda fadawa suka yi wa sharri bayan hari aka kore shi, ya zauna a Maƙarfi. Da ta koma ɗakinta ta ce ƙaddara ce, ba mai ganin laifinta. Ta ƙi. Ta bi sawun ɗanta har Kano, ta amince da Ado don ya ce zai kai ta gare shi, ya ci amanarta, ta ratsa hamada har Murzuk, aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus tana baiwa. 'Ya ce da ta shiga bauta da ƙafarta saboda ba ta yarda ɗanta ya ɓata ba. A ganina wannan ne haƙurin da ke da tsada, domin kowace safiya tana da damar fid da rai, ba ta fitar ba.

Abin da ya fi burge ni ga marubucin shi ne bai yi mana ƙarya ba. Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci, amma ita ba ta wadata da komai ba sai ganin ɗanta, ta cika ba da jimawa ba. Marubuci mai son faranta wa yara rai da ya mayar da ita gida bisa raƙumi.

Inda nake da ƙorafi shi ne bakin mai ba da labarin. Umar ne ke magana, yana dattijo a Rauta gaban almajiransa, cikin natsuwar da ba ta girgiza ko a wurin mutuwar uwarsa. Wasu na yaba wannan a matsayin kunya irin ta Bahaushe, kuma ban musa ba. Sai dai natsuwar nan ce ta sa Abdulkarim, wanda cinikin bayi ya kawo shi Kano, ya fita daga labarin ba tare da an tambaye shi komai ba, alhali kasuwar da ta ba shi ɗa ita ce ta cinye uwar ɗan.