Jinjina ga Masu Ɗaukar Hoto da Fim

Fim, wato siririyar leda da ake shafe ta da sinadarin azurfa mai kama haske, ya shiga hannun talakawa sosai tun lokacin da kamfanin Kodak na Amurka ya fito da kyamarar Brownie mai rahusa a shekarar 1900. Masu riƙe da sha'awar ɗaukar hoto da fim a yau sun cancanci yabo, domin naɗin fim mai faɗin milimita 35 hoto 24 ko 36 kaɗai yake ɗauka, kuma mai kyamara ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan wanki, wato tsoma fim ɗin a ruwan sinadarai cikin duhu har siffar ta bayyana, sannan a buga ta a takarda. Wannan ƙarancin yana koya wa mutum natsuwa da lura, ta yadda ba ya danna maɓalli sai ya auna haske, ya kuma tabbata cewa mai tallar gyaɗa ko maƙerin da ke gabansa ya fito yadda yake.

Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere ɗan Najeriya da kyamarar Brownie ya soma a 1950, kuma daga 1968 ya duƙufa kan ɗaukar hoton kitson mata har ya tara hotuna kusan dubu, waɗanda suka adana salon da zamani ke shafewa. Irin wannan aiki taska ce ga al'umma, musamman da yake fim mai baƙi da fari, idan an kiyaye shi daga danshi da zafi, yana yin shekaru gommai bai lalace ba.