Kirarin Dutse: Sharhi Kan Fadar Zwinger ta Birnin Dresden

'Yan uwa marubuta, mun saba auna littafi ta fuskar jigo da zubi da salo. A wannan fitowa za mu ɗora wani gini a kan wannan ma'auni, wato fadar Zwinger da ke Dresden a ƙasar Jamus. Magini Pöppelmann da masassaƙi Permoser suka gina ta tsakanin 1710 da 1728, bisa umurnin Augustus Mai Ƙarfi, mai mulkin Saksoni kuma Sarkin Folan.

Jigo

Jigon ginin yabo ne tsantsa. A saman babbar ƙofa an ɗora kambin sarautar Folan, mikiya huɗu na tallafe da shi. A kan wani soro kuma ga gunkin Harkulis, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, ɗauke da duniya a kafaɗa, wai shi ne Sarkin. Wannan kambamawa ce irin ta maroƙa, domin a 1706 Sarkin Suwidin ya tilasta wa Augustus ya sauka daga gadon Folan, bai kuwa koma ba sai a 1709, bayan Rasha ta karya Suwidin. Mutumin nan ne kuma a 1717 ya ba Sarkin Furushiya sojojin doki 600, ya karɓi tangaran ɗin ƙasar Sin guda 151. Wasu daga cikinsu na nan a gidan tarihin tangaran da ke cikin fadar.

Zubi da Tsari

A nan ƙarfin aikin yake. Farfajiya ce mai faɗi, da ciyayi da maɓuɓɓugan ruwa, kowane soro na fuskantar ɗan'uwansa, dogayen barandu na haɗa su. Ba gidan kwana ba ne, dandalin biki ne, kuma an yi shagalin auren ɗan Sarkin a ciki a 1719. Rauninsa shi ne an bar labarin bai ƙare ba. Gefe na huɗu ya zauna ba a gina shi ba fiye da shekara 100, sai a 1847 Semper ya fara gidan zane-zane a wurin, da salo mai nauyi wanda bai dace da sauran ba. Kamar littafi ne da wani marubucin daban ya rubuta babinsa na ƙarshe.

Salo

Ado ya yi yawa. Furanni da gumaka sun cunkushe wasu bangaye har ido ya rasa inda zai huta. Abin da ya cece shi, duk adon nan a kan tsari mai daidaito yake zaune.

Kammalawa

A Fabrairun 1945 bama-bamai suka ragargaza fadar. An kammala sake gina ta a 1963, a ƙarƙashin gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas, wadda ba ta da wata ƙauna ga sarakuna. Ashe ba darajar Augustus aka duba ba, ƙwarewar maginansa ce ta sa aka ƙi barin ta kango.

To, ga masu rubuta waƙar yabo a cikinmu: wanda kuke yabo zai wuce, abin da ya ba ku zai ƙare. Idan babu tsari a ƙarƙashin adon maganarku, ba wanda zai tsince ta daga cikin toka. Allah ya sa mu dace.