Muryar da Aka Saba da Ita a Rahar Rediyo

Manazarta sukan ɗauki maimaita hali ɗaya a matsayin rauni a wasan kwaikwayo, alhali a rahar rediyo shi ne ginshiƙi. Samanja, wanda Usman Baba Pategi ya fito da shi a Rediyon Kaduna, Hausarsa ta bariki ake jira ya ɓaro. Haka nan mai sauraro a Haɗeja yake ɗokin mai bugo wayar da ya saba da bakinsa. Tushen wannan kuwa barkwanci ne irin na Fulani da Barebari, inda aka san zolayar tun ba a furta ta ba, kuma ba gaba a ciki. Amma da zarar ɗan siyasa ya sayi muryar, kamar yadda ake sayen sojojin baka, raha ta koma zagi.