Jinjina ga Magoya Bayan Sai Masu Gida

A zamanin da matasanmu suka koma gidajen kallo suna musu kan Arsenal da Barcelona, akwai mutanen da ba su juya wa ƙwallon gida baya ba: magoya bayan Kano Pillars. Ranar wasa, tun azahar ake tururuwa zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu Adaidaita, kowa da kuɗin tikitinsa.

Kofunan gasar Najeriya na 2008, 2012, 2013 da 2014, a ganina, rabinsu na waɗannan mutane ne. Shekara goma sha biyu ba a ci Pillars a gida ba a gasar, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon. Baƙo kan shigo filin nan gwiwa a sanyaye tun kafin a busa usur.

Amma inda suka fi burge ni shi ne 2022, lokacin da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Ba su watse ba, har ta dawo a 2023.

Saura abu ɗaya. 'Yan tsirarun da ke jifa da shiga fili, don Allah ku bari, ƙungiyar ce ke biyan tara.