Labarin da waƙa ta bari, zane ya ɗauka

A Amurka akwai wata al'ada da ta fara kafuwa tsakanin makaɗan rock: su fitar da albam mai labari ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan su bi shi da littafin labari mai zane. Claudio Sanchez na ƙungiyar Coheed and Cambria ya daɗe a wannan fage da jerin The Amory Wars, wanda yawancin albam ɗinsu tun 2002 suka rataya a kansa. Sai dai sau da yawa irin waɗannan littattafai suna zama 'yan rakiya, aikinsu fayyace abin da mawaƙi ya dunƙule. Wanda na ga ya tsallake wannan tarko shi ne The True Lives of the Fabulous Killjoys.

Tushensa albam ɗin Danger Days ne, da ƙungiyar My Chemical Romance ta fitar a Nuwamban 2010. An kafa labarin a Kalifoniya ta 2019: kamfanin Better Living Industries ya mallake birnin Battery City, yana ɗura wa jama'a ƙwayoyi don kada kowa ya ji baƙin ciki ko fushi, komai na birnin fari da baƙi. A hamada kuwa 'yan tawaye huɗu ne sanye da tufafi masu launi bar-bar, da wani mai gidan rediyon ɓoye, Dr. Death Defying, da ake jin muryarsa tsakanin waƙoƙi. A bidiyon waƙar Sing aka kashe su huɗun suna ceton wata ƙaramar yarinya.

Gerard Way, mawaƙin ƙungiyar, ba baƙo ba ne a harkar zane. Ya yi karatu a School of Visual Arts da ke New York, kuma littafinsa The Umbrella Academy ya ci kyautar Eisner a 2008. Shi da Shaun Simon suka rubuta Killjoys, Becky Cloonan ta zana, kamfanin Dark Horse ya buga shi kashi shida daga Yunin 2013, watanni kaɗan bayan ƙungiyar ta watse.

Abin da ya ba shi nauyi shi ne bai tayar da jaruman daga kabari ba. Ya tsallake shekara 12. Yarinyar ta girma, tana yawo a hamada da nauyin mutanen da suka mutu dominta. Matasan da suka gaji tawayen, Val Velocity da 'yan koransa, sun ɗauki launuka da bindigogi da abin rufe fuska, amma dalilin yaƙin ya kuɓuce musu. Suna kawai suke nema. Mawaƙin da dubban matasa suke kwaikwayon shigarsa ne ya rubuta wannan, kuma su ɗin ne masu sayen littafin. Gaya wa masoyanka haka yana buƙatar ƙarfin hali, kuma amshin waƙa da ake rerawa tare a dandali ba zai iya ɗaukar irin wannan magana ba.

Inda littafin ya fi taɓa ni ma ba a hamadar ba ne. A lungunan birnin akwai Blue, mutum-mutumi da kamfanin ya ƙera don karuwanci, tana fafutukar samo wa masoyiyarta Red sabon batir kafin nata ya mutu, ana ta yi mata hanya-hanya. Cloonan ta zana zaluncin a nan ba tare da harbi ba, sai jira da ƙofofi a rufe. Korse ma, makashin da marubuci Grant Morrison ya fito a matsayinsa a bidiyo, ya koma mutum mai ɓoye soyayyarsa don tsoron iyayen gidansa.

Sai dai littafin yana da rauni. Kashi shida sun yi wa zare uku kaɗan, ƙarshen ya zo a guje, kuma wanda bai kalli bidiyon ba zai sha wuya kafin ya gane dalilin da kowa ke girmama matattun nan huɗu. Watakila shi ya sa da Way da Simon suka dawo a 2020 da National Anthem, suka koma kan ainihin labarin da suka tsara tun kafin albam ɗin, da sabon jarumi Mike Milligram da zanen Leonardo Romero, wanda ake karantawa ko ba a taɓa jin Danger Days ba.