Wa Ya Cika Guzurin? Nazari a kan Labaran Tafiyar Ƙaramin Guzuri

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba wani nau'in labari wanda manazarta adabi ba su cika kula da shi ba, wato labarin mutumin da ya rataya jakarsa ya ratsa wata babbar ƙasa wadda bai sani ba, alhali guzurinsa bai taka kara ya karya ba. Faransawa suna kiran irin wannan matafiyi routard. Mu kuwa za mu kira tafiyar tasa "tafiyar ƙaramin guzuri". Ƙasar Nijar, mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, ta daɗe tana karɓar irin waɗannan baƙi, ta kuma daɗe tana tura nata ƴaƴan zuwa ƙasashen wasu da ɗan abin da ba zai kai su rabin hanya ba.

Tambayarmu guda ɗaya ce. Idan matafiyi ya yi alfahari da cewa ya ratsa ƙasa da ƴan kuɗi kaɗan, to, wa ya cika sauran? Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Tuwon da aka ci ba a biya ba wani ne ya noma hatsinsa, wata ce ta daka. Saboda haka muna ganin ma'aunin da ya dace a auna irin waɗannan labarai da shi, shi ne matsayin da suka ba mai masauki. Za mu fara da littattafan jagora na Turawa, mu bi da labarin Dorugu da fim ɗin Jaguar, sannan mu kai ma'aunin yankin Tagiris (Tagriss), a gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, inda matafiyan suke da yawa amma labarinsu bai shiga takarda ba.

2. Littattafan jagora da kakansu

Le Guide du routard ya fara fitowa a Faransa a 1973, a hannun Philippe Gloaguen. A 1977 kuma kamfanin Lonely Planet ya buga Africa on the Cheap na Geoff Crowther. Zubin irin waɗannan littattafai kusan ɗaya ne: sunan gari, wurin kwana mafi araha, wurin cin abinci, tashar mota, kuɗin mota, sai gargaɗi game da kwastan da ƴan sanda. Jimlolinsu gajeru ne, yawanci na umurni. In muka yi amfani da kalmomin nazarin ƙagaggen labari, sai mu ce tauraron littafin shi ne farashi. Mutanen ƙasa kuwa suna fitowa ne a matsayin masu hidima ko masu kawo cikas. Gaskiya ne akan yabi karamcinsu, amma yabon yakan zo daidai da yadda ake faɗin yanayin zafi ko kyawon dutse, kamar wani abu ne da ƙasa ke tsirarwa da kanta.

Arahar da ake magana a kanta ma tana da tarihi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa, wanda yake daidai da sefa 50, ya koma sefa 100. Dare ɗaya kwanon tuwo ya ragu da rabi ga mai riƙe da kuɗin Faransa, alhali mai tuwon ita ce za ta biya ƙari a kan maganin da ake shigowa da shi daga waje. Littafin jagora yana rubuta sabon farashi ne kawai, ba shi da gurbin da zai sa wannan bayani.

Kakan wannan salo shi ne René Caillié. Ya tashi daga gaɓar Gine a watan Afrilu na 1827 da ɗan abin da ya tara, ya shiga Tumbutu ranar 20 ga Afrilu 1828, ya ratsa Sahara ya fita ta Maroko. Jarinsa na gaskiya ƙarya ce: ya kira kansa Abdallahi, ya ce shi Bamasare ne da Faransawa suka ɗauke tun yana yaro, yana neman komawa gida. Da wannan ne ya ci haƙƙin da Musulmi ke ba ɗan'uwansu matafiyi. Duk da haka, a littafinsa na 1830 bai ɓoye tsohuwar da ta yi jinyarsa ba a lokacin da ciwo ya kwantar da shi watanni a garin Tiémé. Ladar faran 10.000 ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris shi ya karɓa, amma aƙalla mai karatu ya san akwai wadda ta riƙe ransa. Jikokinsa na ƙarni na 20 sun gaji ƙididdigar kuɗin, sun yar da tsohuwar.

3. Dorugu da maigidansa

Heinrich Barth ba ɗan ƙaramin guzuri ba ne a takarda, tun da gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da Richardson da Overweg a 1850. A kan hanya kuwa sau da yawa hannunsa wayam yake. Daga Abzin zuwa Damargu ayarin gishiri na Annur ya bi. Ya bi ta Tasawa a Janairu 1851, ya shiga Kano a Fabrairu da bashi a wuyansa. A Tumbutu kuma, daga Satumba 1853, inuwar Shehu Ahmad al-Bakkay ce ta tsare shi. Barth ya ambaci waɗannan mutane da sunayensu a cikin mujalladai biyar da ya buga a 1857-1858, wannan kuwa yana cikin dalilan da suka sa har yanzu masana tarihinmu ke komawa gare shi.

A cikin tawagarsa akwai wani yaro, Dorugu, mutumin Dambanas a ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, Overweg ya ƴanta shi. Ya bi Barth zuwa Tumbutu, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus, ya isa London a 1855. A Ingila ne ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuma ya buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. Kirk-Greene da Newman sun fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1971.

Ga mai nazarinmu, muhimmancin wannan matani shi ne cewa mai ba da labarin ba shi da guzuri ko kaɗan. Jakar kuɗin ta wani ce. Don haka ba zai iya auna hanya da farashi ba, sai da tashi da sauka da kwana, da wanda aka sauka wurinsa, da abin da aka ci. Ko da ya kai Ingila, idonsa yana kan teburin cin abinci da yadda ake karɓar baƙo. Ya dubi Turawa da irin idon da suka saba duban mu da shi, ya kuma yi haka ba tare da ya ɗauki kansa gwani ba.

Sai dai kada mu zarce da yabo. Dorugu bai zaɓi tafiyarsa ba. Yaro ne mai bin maigida, ga shi kuma yana magana ne a gidan wani ɗan mishan wanda babban burinsa shi ne samun kalmomi da jimloli don nahawu da ƙamus. Abin da yaron ya ga bai dace ya faɗa a gaban mai ciyar da shi ba, ya tafi da shi kabarinsa a Kano a 1912. Ke nan matanin ya nuna mana mai masauki, amma mai masauki na ƙarshe shi ne ya riƙe alƙalamin.

4. Jaguar: tafiya da tsaraba

Jean Rouch ya ɗauki hotunan Jaguar a 1954-1955, a lokacin da yake binciken da ya haifar da Migrations au Ghana (1956); fim ɗin bai fito ba sai 1967. Samari uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, sun tashi daga kasuwar Ayoru da ƙafa, sun ratsa ƙasar Somba, sun zagaye ofishin kwastan, sun shiga Gwalkwas, wato Gana ta yau. Can suka rabu neman aiki a Kumasi da Akra, wadda Hausawa ke kira Ankara, daga baya suka haɗu suka kafa teburin koli a kasuwar Kumasi. Muryoyin da ake ji na Damouré da Lam ne, suna kallon hotunan suna sharhi da raha.

Wurin da fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne ƙarshensa. Da suka komo gida, abin da suka yi watanni suna tarawa suka rabar cikin ɗan lokaci. Ga mai lissafi irin na littafin jagora wannan hasara ce. Ga mutumin ƙauye kuwa ita ce cikar tafiya: wanda aka haɗa wa guzuri ya dawo da tsaraba, bashi ya biyu. Matafiyin littafin jagora yana komawa gida da hotuna da labari, waɗanda shi kaɗai suke amfana.

Rauninsa kuma a fili yake. Samarin abokan aikin Rouch ne, akwai mai ɗaukar nauyinsu a bayan na'urar, ba ya kuwa fitowa a hoto. Yunwa da ciwo da wulakancin da ainihin ƴan cin rani ke sha sun narke cikin dariyar sharhin. Fim ɗin ya faɗi gaskiya game da tsaraba, ya yi shiru game da wanda ya biya kuɗin hanya.

5. Tagiris: matafiya marasa littafi

Manyan hanyoyin da baƙi masu ratsa Sahara suke bi bayan sun shigo daga Tamanrasset ta Arlit da Agadas guda biyu ne: ɗaya ta yi yamma zuwa Tawa, ɗaya ta bi Tanut zuwa Damagaram. Tagiris, a yankin kwarin Tarka inda noma ke iyaka da kiwo, tana tsakanin su biyun. Baƙon da ke bin littafi zai wuce ta dama ko ta hagu. Tun daga tawayen arewa na farkon shekarun 1990 da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992, waccan zirga-zirga ta ja baya ƙwarai.

Amma a irin waɗannan garuruwa ne ake da gwanayen tafiyar ƙaramin guzuri. Da an gama girbi samari sukan fita cin rani, wasu Nijeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, ƙasashe manya waɗanda yawancinsu ba su taɓa gani ba. Jagoransu yana bakin waɗanda suka riga su zuwa: wace tasha za a sauka, wane ɗan gari za a nema, a wane masallaci ake kwana. Jerin sunayen mutane ne, kowane suna kuma alhaki ne a kan wanda aka ba shi. Tsarin ya girmi mota. Fataken Gwanja suna da madugu da fatoma da zango, Abner Cohen ya bayyana aikin masu gida na Sabo a Ibadan a 1969, C. Bawa Yamba kuma, a 1995, ya rubuta labarin Hausawa maniyyata da suka nufi Makka ta ƙasa suka zauna a Sudan. A duk waɗannan, baƙo ya san abin da ake bin sa, mai masauki ya san abin da zai samu, ko kamasho, ko aiki, ko lada.

Akwai kuma bambancin da ba na salo ba ne. Baƙon Turai ya shigo da fasfo da biza, aka kira shi ɗan yawon buɗe ido. Wanda ya bi hanya ɗaya ya nufi arewa an kira shi ɗan ci-rani ko baƙon haure. Doka mai lamba 2015-36 ta Nijar, wadda ta hukunta safarar baƙin haure, ta sa direbobin Agadas da yawa barin sanannun rijiyoyi, hanya ta ƙara tsada da haɗari, har zuwa lokacin da aka soke ta a Nuwamba 2023. Manazarcin da ya karanta labarin routard bai tuna da wannan ba, rabin matani ya karanta.

6. Kammalawa

Mun ga cewa littafin jagora ya ƙirga kuɗi ya shafe mai masauki. Caillié da Barth sun ambace shi, ko da yake su suka kwashe ladar. Dorugu ya sa shi a tsakiyar labari amma a ƙarƙashin alƙalamin wani. Jaguar ya nuna tsaraba ya ɓoye mai ɗaukar nauyi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya ba mai masauki bakin magana.

Shawararmu ga ɗalibai masu neman batun digiri ita ce su ɗauki na'urar ɗaukar magana su nufi Tagiris da makwabtanta a farkon damina, lokacin da ƴan cin rani ke komowa. Su ɗauki labaran da Hausa ko da Tamajak ko da Fulatanci, yadda aka faɗe su, su lura da kalmomin hanya da yadda ake jera zango-zango. Su kuma nemi ɗaya ɓangaren: matar da ta haɗa guzuri, da wadda ta ciyar da baƙon da ba ta sani ba. Su rubuta ma a gidan wa suka sauka, da abin da suka bari a can ranar da suka yi sallama.