Me ya sa gajeren katakon zamiya ke karya ƙwauri?

Idan ka taɓa kallon gasar Olamfik ta lokacin hunturu, ka ga masu zamiya kan dusar ƙanƙara da dogayen katakai biyu a ƙafa. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara yayin wasu gajeru da ba su kai mita ɗaya ba, waɗanda kamfanin Salomon na Faransa ya fitar da nasa da sunan Snowblade. Har yau za ka ji masu sha'awarsu na cewa tunda sun fi sauƙin koyo, sun fi aminci. Da wannan magana nake jayayya.

Gaskiya tana da ɗan tushe. Ka tuna da sufana: mai dogon hannu ta fi murɗa noti da ƙarfi. Haka dogon katako yake yi wa gwiwa idan bakinsa ya maƙale a ƙanƙara, shi ya sa tsinkewar jijiyar gwiwa ta yi yawa a tsakanin masu amfani da shi. Gajeren katako kuwa murɗarsa ba ta kai haka ba.

To, amma an bar rabin labarin. Maɗaurin dogon katako an ƙera shi ne ya saki takalmi da zarar murɗa ta wuce ƙima. Yawancin gajerun na farko ba sa saki, wai don ƙarfin ba zai kai na yin illa ba. Sai mutum ya faɗi, jiki ya juya, ƙafa na nan a kafe. Ina ƙarfin zai tafi? Ƙashin ƙwauri ne zai ɗauka, ya tsage a karkace kamar raken da aka murɗa. Binciken Dakta Mike Langran a wuraren zamiya na Sikotland a farkon shekarun 2000 ya nuna karaya ta fi yawa a raunukan masu gajeren katako.

Ga kuma wani abu. Sabon shiga ya fi kowa jin rauni a waɗannan wasanni, kuma shi ne gajeren katako ke ba ƙarfin gwiwar hawa gangare mai tsayi tun bai iya tsayawa ba.

Don haka duk ranar da karatu ko aiki ya kai ka ƙasar ƙanƙara, aka miƙo maka gajeren katako, fara tambaya ko maɗaurinsa yana saki. In aka ce a'a, mayar musu da kayansu.